Kwaɓin Sallah a Hannun 'Yar Koyo: A Tara Yara ko A Sallame Su?

Idan azumin watan Ramalana ya haura kwana ashirin, teloli suka fara ɓuya ga masu kai ɗinki, masu kitso da masu lalle suka fara yanka wa mutane rana, akwai wata mas'ala da takan taso a gidaje masu yawa, tun daga Kano da Zariya har Maraɗi da Damagaram, wadda ko da yake ba a kai ta gaban alƙali, ba a kuma karanta ta a zauren malam, takan raba kan miji da mata, da suruka da matar ɗa, da aminan da suka tashi tare. Mas'alar kuwa ita ce: matar da hannunta bai faɗa ba a kwaɓin fulawa, wadda ba ta taɓa sauke gireba ko biskit daga wuta ta ga ya yi yadda ake so ba, shin daidai ne ta tara 'ya'yanta su yi kayan Sallah tare, tana koyo suna koyo, ko kuwa abin da ya fi mata shi ne ta sallame su su tafi wasa, ta aika wa gwanaye da kuɗi a yi mata?

A da wannan tambaya ba ta da mazauni, gama yarinya takan tashi ne a babban gida tsakanin kaka da gwaggo da matan baffanni, tana tankaɗe tun ba ta kai tsawon taɓarya ba, abin da ya gagari matan gida kuma, kamar alkaki da nakiya da dubulan na gara, akwai tsofaffin unguwa da sana'arsu ke nan. Yau kuwa 'ya mace takan shafe shekara shida a makarantar kwana, ta zarce jami'a, sa'an nan aure ya kai ta gidan haya a Abuja ko Kaduna, inda babu kaka babu gwaggo, sai wayar hannu da matan da ke koyar da girki a YouTube da TikTok, ga yara kuma sun gano a gidan maƙwabta sun dawo sun tasa ta gaba.

Al'adar tara yara a kan kwaɓin biki tana da faɗi a duniya. A Masar, inda tun zamanin Fatimiyyawa aka keɓe gida guda a Alƙahira, Darul Fiɗra, don yin kayan zaƙin Idi, har yau iyalai sukan taru a ƙarshen Ramalana su yi kahk, a jera a manyan tire a kai gidan burodi a gasa, haka kuma ake yi a Sudan. Jamusawa ma, a makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, sukan ba yara abin yanka mai siffar tauraro ko jinjirin wata su fitar da biskit da hannunsu. Sai dai a ko'ina akan ɗauka cewa akwai babba a wurin wanda ya san abin da yake yi. Saɓanin da za mu duba ya shafi gidan da babu wannan babban.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ta tsaya ne a kan fa'idar da yaro ke samu, wadda suka ce tana nan ko gireba ta yi kyau ko ba ta yi ba. Yaron da aka miƙa wa gwangwanin madara aka ce ya auno fulawa uku, ya san ƙidaya ta hanyar da allon makaranta ba ya sanar da shi. In aka ce a ninka kwaɓi, tilas ya ninka kowane abu, in aka ce a raba biyu, ya gamu da rabi da kwata a tafin hannunsa. Ya koyi wanke hannu, da fara aiki da bisimilla, da jiran abin da ba ya nuna sai lokacinsa ya yi. Fiye da duka kuma ya gane cewa abin da yake dumbuza a faranti ya watsa a baki, akwai wanda ya sha wuya kafin ya samu. Suka ce a dubi yarinya 'yar shekara biyar da aka gutsura wa kwaɓi, ta cusa shi a cikin ɗan ludayi ta danna da babban yatsa, ta kifa a tire, ta barbaɗa riɗi har ya yi yawa, fulawa ta hau mata har gira, ta ɗago tana cewa, "Umma, wannan nawa ne, Abba zan ajiye wa, kada ki bari Yaya ya taɓa." Wace gireba ce ta saye, kome kyanta, za ta fitar da wannan magana daga bakin yarinya?

Hujja ta biyu ta fi ta farko zurfi, domin sun ce rashin iyawar uwar shi kansa darasi ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, wannan kuwa bai rage masa daraja ba a wurin almajiransa, sai ma ya zama abin da ake karantar da shi a babin ladabin malami. Haka kuma ya zo a Sahihul Bukhari cewa Barira, da take shaidar Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta sami wani aibin da za ta ambata ba illa cewa a ƙuruciyarta takan yi barci ta bar kwaɓin gida har dabba ta zo ta cinye, alhali ita Nana A'isha ce daga baya manyan sahabbai ke zuwa ɗaukar ilmi a wurinta. To in haka ne, yaron da ya ga mahaifiyarsa ta ce ba ta sani ba, ta ɗauki waya ta kira babbar yayarta ta tambaya, tiren farko ya ƙone ba ta jefar da ludayi ba, ta rage wuta ta sake jera na biyu, ya ga yadda babba ke koyo, abin da yara ba su cika gani ba, tun da kullum manya a gabansu masana ne.

Sun ƙara da wata lura wadda duk wanda ya zauna da gwanayen girki zai gaskata: gwana ita ce ta fi korar yara. Hannunta na da sauri, idonta ba ya jure karkataccen yanka, abin da ke bakinta shi ne, "Ku tashi ku ba ni wuri, za ku ɓata mini aiki." 'Yar koyo kuwa tana bukatar hannuwa, ba ta da sunan da take karewa, saboda haka a wurinta ne yaro ke samun wurin zama.

Raddin masu hanawa

Waɗannan suka ce maganar tana da daɗin ji, amma wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa sana'a ɗabi'a ce da ke zama a hannu ta hanyar maimaitawa, ƙwarewar mai koyo kuma takan zo ne gwargwadon ƙwarewar wanda ya koya masa. In kuwa haka ne, abin da uwar da ba ta iya ba za ta dasa a hannun 'yarta shi ne kuskure, gyaran kuskuren da ya riga ya zauna kuwa ya fi koyar da wanda bai san kome ba wuya.

Suka ce masu goyon baya sun manta da bambancin miya da gashi. Miya in gishiri ya yi yawa akan ƙara ruwa, in ta yi tsami akan jefa kanwa, mai dafawa tana gyara tana tafiya. Kwaɓi kuwa da zarar ya shiga wuta, alƙalami ya bushe. Kofi ɗaya na fulawa, in an zuba a hankali, kimanin giram 125 ne, in an danna yakan haura 150, wannan ɗan bambanci kuma shi ke raba biskit mai narkewa a baki da mai karya haƙori. In aka yi ta murzar kwaɓi, kamar yadda yara ke so, sinadarin danƙo na alkama yakan tashi, abin ya fito da tauri. In bakar hoda ta yi yawa, ya kumbura ya faɗa, ya bar ɗaci a harshe. Bota takan narke tun zafi bai wuce digiri 35 ba, Ƙaramar Sallah kuwa a 2023 da 2024 ta faɗo ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura 40, watau kafin yara su gama jayayya a kan wa zai yanka, kwaɓin ya saki, a wuta kuma ya baje ya haɗe wuri guda. Littattafan girki sukan ce a gasa a digiri 180 na minti goma zuwa sha biyar, amma mafi yawan gidaje da tukunya ake gashi, a zuba yashi a ƙasa, a ɗora tire, a sa garwashi a kan murfi, babu ma'auni sai ido da hanci, su kuwa ido da hanci shekaru ne ke horar da su. Yaya wadda ba ta san ƙamshin da ke nuna ƙasan gireba ya fara ƙuna ba za ta ji shi, alhali ɗaya na jan zanenta, ɗaya na kuka an taɓa masa nasa?

Daga nan suka shiga babin israfi, wanda Alƙur'ani ya hana a aya ta 31 ta Suratul A'arafi a wurin da ake maganar ci da sha. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, abin da ake nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja bai kusa biyan bukata ba, saboda haka farashinta na bin dala sau da ƙafa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan zamani, magidancin da ya matse ya sayo mudun fulawa da sukari da bota da ƙwai da gawayi, a ce masa an yi gwaji da su an ƙona, ba a yi masa adalci ba. Ga kuma haƙƙin baƙo: kayan Sallah fuskar gida ne, su ake ajiye wa surukai, su yara ke kai wa maƙwabta a rufe da adiko, matar da ta aika wa uwar mijinta baƙin biskit kuma ta san maganar ba za ta mutu a ranar ba.

Amsar masu goyon baya

Suka ce israfi shi ne kashe dukiya inda babu fa'ida, tawadar da almajiri ya ƙarar a allo yana koyon rubutu kuwa, ko da an wanke allon da yamma, babu malamin da ya taɓa kiranta almubazzaranci. Bayan haka, wa ya ce a fara da mudu biyar? Akwai kwaɓin da Turawa suka daɗe da sani, wanda ƙa'idarsa ba ta wuce ɗaya, biyu, uku ba: sukari giram 100, bota giram 200, fulawa giram 300, babu ƙwai, babu yis, babu bakar hoda, gireba tamu ta gargajiya ma fulawa ce da sukari da mai, sai riɗin da ake sa mata a ka. Wadda ta fara da wannan ɗan kaɗan, ta gasa ƙwaya ɗaya tak don ta ga halin wutarta kafin ta jera tire, ba ta jefa dukiyar gida a haɗari ba. Abin da ya karye ko ya yi duhu kuma ba juji yake zuwa ba, da shayi ake shanye shi bayan an sha ruwa, masu yinsa kuwa su ne farkon masu wawasonsa.

Suka kawo wata fa'ida ta fiƙihu wadda ba a cika lura da ita ba. Malaman Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci ko da zai tofar, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta bayyana cewa azumi bai hau kan yaro ba sai ya balaga. To matar da ke gashi da rana a cikin Ramalana, wadda ba ta da gogewar da za ta san zaƙi ya ji da ido, wa ya fi mata amfani kamar ɗan shekara bakwai da zai gutsiri gwajin farko ya ce, "Umma, sukari bai ji ba"?

Game da Ibn Khaldun kuwa, suka ce maganarsa gaskiya ce ga mai horar da masu sana'a, amma in kowace uwa za ta jira sai ta ƙware kafin ta kira 'ya'yanta, yaran za su girma tana jira, su ma su tashi ba su iya ba, a wayi gari gireba da dubulan sun zama abin da sai a leda ake ganinsu. Gwanar da ake aika wa da kuɗi ma ta ƙona nata a farko. Da koyo akan iya.

Raddi na biyu: wuta da fushi

A nan ne masu hanawa suka fito da hujjar da ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yara ƙanana kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, a madafa kuma ya fi samunsu. Man da ake soya cincin da dubulan yakan kai digiri 170 zuwa 180, kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa, ɗigon ruwa ɗaya daga jiƙaƙƙen hannun yaro ya isa ya sa shi tartsatsi, wani lokaci kuma yakan yi kumfa ya taso ya zubo. Ruwan sukarin da ake tsoma dubulan da alkaki ya fi ruwa zafi, yana kuma manne wa fata. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Murhunmu da kurfoti kuma a ƙasa suke, daidai inda mai rarrafe ke bi. Gwana tana iya raba hankalinta biyu domin hannunta ya san hanya. 'Yar koyo kuwa idonta na kan waya tana mayar da bidiyo baya, a wannan ƙiftawar ido ne kasko ke kifewa. Ƙa'idar malamai kuma sananniya ce, cewa kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Akwai kuma cutar da ba a gani. Yaro ba ya ganin kwaɓi mai zaƙi ya ƙyale, ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗauke da ƙwayar Salmonela, ita kanta fulawa ɗanyen abu ce da ba a dafa ba: a 2016 mutum 63 a jihohi 24 na Amurka suka kamu da ƙwayar E. coli daga fulawa. Sukari ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in an iya ma a tsaya a 5, watau wajen cokalin shayi 6 ga babban mutum. Tun kafin ita kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a Ihya'u game da sabar wa yaro da daɗin abinci, har ya so a riƙa ba shi gurasa gaya wani lokaci.

Sa'an nan suka taɓo abin da mata da yawa suka sani ba su faɗa. Aikin da aka fara da dariya bayan la'asar, in ya kai ƙarfe goma sha ɗaya na daren jajibere, an ɗauke wuta, tire na biyu ya ƙone, ga guga ba a yi ba, ga kan yarinya ba a gama kitsewa ba, ga matar ta wuni da azumi, da tsawa yake ƙarewa, wani lokaci da mari. Ibn Khaldun ɗin nan ya yi babi guda a kan cewa tsanantawa na cutar da mai koyo, tana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye. Yaron da ya fasa ƙwai a ƙasa aka daka masa tsawa, abin da zai riƙe shi ne madafa wurin faɗa ce. Daɗa kuma waɗannan darare su ne goman ƙarshe da ake neman Lailatul Ƙadari a cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son yara su koya, ga kaka, ga maƙwabciyar da ta iya, a kai su can, uwar ma ta zauna a gefe ta koya tare da su.

Kalmar ƙarshe ta masu goyon baya

Ba su musa haɗarin wuta ba, amma sun ce an haɗa suya da gashi a hukunci ɗaya alhali ba ɗaya suke ba: aikin gireba da biskit kusan dukkansa a kan tabarma ake yinsa, nesa da murhu, tankaɗe da awo da curawa da jerawa, wuta kuwa aikin babba ce shi kaɗai. Kwaɓin da babu ƙwai ya rage rabin damuwar lasa, sauran rabin kuma doka ce guda da ake kafawa tun farko, cewa ba a ci sai ya gasu. Zuwa wurin kaka abu ne mai kyau ga wanda kakarsa ke kusa, amma wadda ke Legas ko Fatakwal, mahaifiyarta na Gumel, da wa za a haɗa ta?

Tace hujjoji

In aka ɗora maganganun nan a ma'auni, abu na farko da zai bayyana shi ne cewa a babin suya da ruwan sukari masu hanawa sun yi rinjaye bayyananne, har abokan jayayyarsu ba su yi musu ba. Yara su murza, su yanka cincin, su naɗe dubulan, amma kada a ɗora kasko sai an fitar da ƙanana an rufe ƙofa. Ya kuma wajaba duk mai wannan aiki ta san cewa maganin farko na ƙuna shi ne a zuba ruwa mai sanyi a wurin har kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja, in ƙunar ta yi faɗi ko ta taɓa fuska ko hannu a nufi asibiti.

Abu na biyu, yawancin saɓanin ya taso ne daga ɗora wa kwaɓi ɗaya bukata biyu, watau fita kunyar baƙi da tarbiyyar yara. Gwana na iya haɗa su a dare guda. 'Yar koyo ba ta iyawa, in ta matsa kuma ta rasa duka biyun. Da za a raba su, a sayi na baƙi ko a ba da aikinsa, a keɓe wa yara ɗan kwaɓinsu a wata ranar da babu gaggawa, cikin Sha'aban ko farkon azumi ko kwana biyu bayan Hawan Daushe, da hujjar fuskar gida da ta goman ƙarshe da mafi yawan ta fushi sun faɗi da kansu. Masu hanawa sun yi gaskiya a kan lokaci, masu goyon baya kuma sun yi gaskiya a kan asalin aikin. Haka nan babu abin da zai rage wa uwa in ta gwada sau ɗaya ita kaɗai, yara na makaranta, domin ta san halin tukunyarta.

Abu na uku, israfi ba shi da mudu ɗaya ga kowa. Giram 600 na kwaɓi a wani gida bai kai abin da ake zubarwa a shara kullum ba, a wani gidan kuwa kuɗin cefanen yini ne. Wanda bai tanadi zakkar fidda kai da tuwon Sallah ba, ba shi da rarar da zai yi gwaji da ita, babu kuma wanda ya isa ya zarge shi da tauye wa 'ya'yansa wani haƙƙi, gama tarbiyyar da ake nema a gireba ana samunta a tsinkar zogale da gyaran wake.

Abu na huɗu, hujjar fushi tana da ƙarfi, amma ba a kan rashin iyawa ta faɗa ba, tun da mun ga gwana ma tana tsawa. Sharaɗin da ta tabbatar shi ne haƙuri. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya kuma ba da labarin cewa bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Matar da ta san za ta iya ganin fulawa a ƙasa ta ce a kawo tsintsiya kawai, ta cika sharaɗi ko ba ta iya kome ba. Wadda ta san zuciyarta na kusa, ta fi kusa da daidai in ta saya. Abin mamaki kuma shi ne ɓangarorin biyu duk sun yi magana kamar uwa ita kaɗai ce babba a gidan, alhali ya tabbata cewa Annabi yakan taya iyalinsa aikin gida. Maigidan da zai riƙe mai rarrafe, ko ya tsaya a kan wuta na sa'a guda, ya kawar da haɗarin da ya fi kowanne girma, shi ne kuwa sau da yawa mai cewa a bari.

Abin da ya rage ba a yanke ba

Akwai gaɓa biyu da hujja ba ta kai ga raba gardama a cikinsu ba. Ta farko, shin ganin uwa tana kuskure a gaban 'ya'yanta yana ƙara musu ƙarfin halin koyo, ko kuwa yana rage mata kwarjinin da take bukata a wasu al'amura da suka fi gireba girma? Masu tarbiyyar zamani sun karkata ga na farko, dattawa da yawa ga na biyu, kowannensu kuma yana da 'ya'yan da ya tarbiyyantar da zai nuna. Ta biyu, inda kaka ko gwaggo ke kusa, wanne ya fi: yara su koyi daidai a hannunta, zumunci ya ƙaru, sana'ar ta wuce yadda take, ko su koyi mai ɗan karkata a hannun mahaifiyarsu, ya zama abin da suka gina tare? A nan kowane gida ya fi marubuci sanin yaransa da aljihunsa da zafin zuciyar manyansa, shi ya kamata ya yi tarjihi. Wallahu a'alamu.